Beatles kafin duniya ta san su: baiwa ce ta ɗaga su ko wahala?

Jitar_Kabala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kusan wata guda ke nan ina bibiyar tarihin Beatles, samarin nan na Liverpool. Ba zamanin da jama'a ke cika filin jirgi don tarbarsu nake nufi ba, farkonsu nake magana, lokacin da ko kuɗin bas sai sun yi karo-karo. Ga inda na tsaya, in na kauce a gyara mini: ba baiwa ce ta ɗaga su ba, wahalar Hamburg ce.

A watan Agusta na 1960 aka loda su a wata ƙaramar mota zuwa Jamus, su biyar. Babbansu shekararsa 20, ƙaraminsu George Harrison 17. A gidan rawar da suka fara sauka, Indra, suna kiɗa awa huɗu da rabi kowane dare, ƙarshen mako awa shida, babu ranar hutu. Makwancinsu wani ɗakin ajiya ne a bayan allon wata silima mai suna Bambi, jikin ban-ɗaki. Sau biyar suka je Hamburg daga 1960 zuwa ƙarshen 1962, darare sama da 250 a kan dandamali. Ni gani nake duk samarin da aka zuba a wannan turmi aka kirɓa haka, dole su fito gari. Me kuka ce?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai ba su kaɗai aka zuba a turmin ba. Derry and the Seniors sun riga su zuwa Hamburg. Rory Storm and the Hurricanes suna can tare da su a gidan rawar Kaiserkeller, ana karɓa-karɓa a dandamali ɗaya, kuma a lokacin sunan su Rory ya fi nasu girma a Liverpool. Yau wa yake tuna su Rory in ba don mai gangarsu ya koma Beatles ba? Gerry and the Pacemakers ma sun yi zaman Hamburg. Turmi ɗaya, taɓarya ɗaya, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Dan_Anfield:
Anti, a cire Gerry daga cikin waɗanda aka manta. Waƙar da magoya bayan Liverpool ke rerawa kafin a take wasa, daga faifansu na 1963 ta shiga filin. Kuma fayafayansu uku na farko duk sun hau lamba ɗaya a Birtaniya.

Bazazzagiya:
Na karɓi gyara. Amma ka lura manajansu ɗaya da Beatles, wanda ya ɗauki sautinsu ma ɗaya. Za mu zo wurin.

BabaNaTudunWada:
Yarana, sannunku da muhawara. Ni ina sakandare aka fara jin waɗannan yara a rediyo, kuma wani malaminmu Bature yana da garmaho, ranar Asabar yakan bar mu mu zauna a barandarsa mu saurara. Ba ma jin rabin abin da suke faɗa, amma yadda muryoyi uku ke hawa kan juna ya kama mu. Sai da na girma na nemi labarinsu.

Mai tambaya, ka fara labarin daga tsakiya. Ka koma ranar 6 ga Yuli 1957, wurin wani bikin coci a unguwar Woolton. John Lennon yana ɗan shekara 16, yana da ƙungiyarsa ta 'yan makaranta, Quarrymen, sunan makarantarsu Quarry Bank suka ara. Shi ne shugaba, abokansa ne duka, kuma babu wanda ya iya abin kirki a cikinsu. Shi kansa John da salon banjo yake kama jita, yadda mahaifiyarsa ta koya masa. Sai aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney, wanda ya iya saita tsirkiyar jita, ya kuma haddace baitocin waƙoƙin da John ke cike giɓinsu da abin da ya zo bakinsa.

To a nan ne abin yake. John ya ga yaron ya fi shi hannu. In ya ɗauke shi, sarautarsa ta ragu. In ya bar shi, ya ci gaba da zama babba a cikin marasa iyawa. Ya ɗauke shi. Shekara ta zagayo, a 1958, Paul ya kawo George, wanda suke haɗuwa a bas ɗin makaranta, babansa ma direban bas ne. John ya raina shekarunsa, amma da yaron ya kaɗa masa jita a saman bas mai hawa biyu, ya sake haɗiye girman kai ya karɓe shi. Na yi aikin gwamnati shekara 35, na ga shugabanni da yawa, kaɗan ne cikinsu za su jawo wanda ya fi su kusa da su. Wannan duk kafin Hamburg ne da shekara biyu zuwa uku.

Jitar_Kabala:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ban dube shi ta nan ba. Amma ko da su ukun suka haɗu, ai shekara biyu suka yi suna lalube. A 1959 kusan watsewa suka yi, babu mai ganga, babu wurin wasa. Da suka raka wani mawaƙi yawon wasa a Sikotilan a watan Mayu 1960, da yunwa suka dawo. Ka kwatanta da ranar 27 ga Disamba 1960 a zauren Litherland, bayan dawowarsu daga Jamus. An rubuta a takardar talla cewa daga Hamburg suke, har wasu suka ɗauka Jamusawa ne, jama'a suka bar rawa suka ruga gaban dandamali. Wata bakwai ne kawai tsakani. Me ya canza in ba wahala ba?

Dan_Agadas:
Salamu alaikum. Ni abin da ya taɓa ni cikin zancen Baba shi ne kayan kiɗan farko. A Ingila lokacin ana yayin wani kiɗa da ake ce ma skiffle, yara suna haɗa akwatin shayi da sandar tsintsiya da igiya guda ya zama babbar gita, allon wanki ya zama ganga. Quarrymen da haka suka tashi. Wallahi kamar labarin gidanmu. Etran de l'Aïr, waɗanda ke kiɗan buki a nan Agadas tun 1995, da gita guda suka soma, gangarsu ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugu da takalmi. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya ɗaura gitarsa ta farko, kuma shi ma bahago ne kamar Paul. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, suka bazu daga salula zuwa salula ta katin memwar, har suka kai kunnen wani Ba'amurke mai neman kiɗan Sahara.

Mu Hamburg ɗinmu gidan buki ne. Ka yi kiɗa da rana, ka koma da dare, janareto ya mutu ka jira, ƙura ta shiga lasifika, mutane ba su zo don su saurare ka ba, sun zo rawa ne, in ka yi sanyi su watse. Duk wanda ya yi shekara biyar a haka hannunsa ya faɗa. Ina bayan Jitar_Kabala.

Bazazzagiya:
Ƙwarya cikin ruwa ai kiɗan amada ne na iyayenmu mata. Ban taɓa zaton zan ji shi a zancen rok ba.

Mai_Kalangu:
Ni gadon kiɗa na yi, kakana da babana duk makaɗa ne. Abin da ya ba ni mamaki a wannan ƙungiya ba wahalar ba ce, kowane ɗan makaɗi ya san wahala. Tsarin ne. A wurinmu akwai uban kiɗi, akwai 'yan amshi, akwai masu kalangu, akwai maroƙi. Suna na mutum ɗaya ne, in an yi kyauta shi ake miƙa wa ya raba yadda ya ga dama. Ashe a Ingila ma a lokacin haka abin yake, wane da yaransa. Ku dubi sunayen da aka ambata a sama: Rory da nasa, Gerry da nasa, Derry da nasa. Su kuwa waɗannan suka ƙi. Suna ɗaya na kowa, kuɗin wasa a raba daidai, kowa yana da waƙar da zai ja baki, har mai ganga. An ce wanda ya ɗauki sautinsu ya so ya zaɓi ɗaya ya sa a gaba, daga baya ya ga in ya yi haka ya ɓata abin. Na ga ƙungiyoyi sun watse a kan rabon kuɗin biki guda. Babana ya rasa mai kanzagin da ya fi kowa a garinmu saboda wannan.

SaniMaiShago:
Duk kun bar mai gayya. Brian Epstein. Ɗan kasuwa ne, yana kula da shagon sayar da fayafayai na gidansu, NEMS, shekararsa 27. Ranar 9 ga Nuwamba 1961 ya sauka cikin Cavern, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Mathew inda suke wasa da tsakar rana, ma'aikata na zuwa lokacin hutun cin abinci. Ya same su cikin rigunan fata, suna cin abinci a kan dandamali, suna shan taba, suna hira da 'yan gaba, su fara waƙa su yanke a tsakiya. Shi ya sa musu kwat, ya hana ci da sha a gaban jama'a, ya sa suke rusunawa tare bayan kowace waƙa, ya ɗaga kuɗin wasansu.

Kuma shi ya yi ta safa da marwa zuwa Landan. Ranar 1 ga Janairu 1962 suka yi gwaji a kamfanin Decca, waƙa 15, bayan sun yini a hanya cikin dusar ƙanƙara direba ya ɓace. Decca suka ƙi su, suka ɗauki wata ƙungiya ta kusa da Landan. Wannan fa bayan sun yi Hamburg sau biyu ke nan. Ina wahalar ta kai su? Da Epstein ya yi fushi ya koma shagonsa, a Cavern za su tsufa. Kaya komai kyansa sai da mai talla.

Jitar_Kabala:
Malam Sani, amma me ya sa ya sauka cikin ramin tun farko? Sunansu ya cika gari, suna fitowa a jaridar kiɗa ta Mersey Beat da ake sayarwa a shagonsa, yara na zuwa neman faifan da suka yi wa mawaƙi Tony Sheridan kiɗa a Jamus. Mai talla ba ya ɗaukar tiren da babu kaya.

Basakkwace77:
Ku gafarce ni, ni duk wanga lissafi bai dame ni ba kamar zancen Pete Best, mai gangarsu na lokacin. Yaro ya bi su Hamburg tun tafiyar farko, sunka kwana ɗaki guda cikin sanyi, anka kore shi daga Jamus tare da Paul. Uwarsa Mona ta buɗe masu ƙarƙashin gidanta, Casbah, tun 1959, lokacin da ba su da wurin wasa. Ita da shi ke nema masu aiki ta wayar gidansu kafin zuwan Epstein. Shekara biyu cur. Sai da ƙofa ta buɗe, kamfani ya karɓe su, ranar 16 ga Agusta 1962 anka kira shi ofis, manaja ya ce an sallame shi. Ba John ba, ba Paul ba, ba George ba. Ko ɗaya bai dube shi ido da ido ba. Bayan mako bakwai faifansu na farko ya fito. Shi kuwa ya koma lodin burodi, daga baya ya yi aikin gwamnati shekara ashirin, yana kallon abokansa a talabijin. In wanga ba cin amana ba ne, a faɗa mini sunansa.

Injiniyan_Sauti:
Basakkwace, na ji zafinka, kuma yadda aka yi sallamar babu mai kare ta. John da kansa ya amsa daga baya cewa ragwanci suka yi da suka tura manaja. Amma bari in yi bayanin ɓangaren aikina.

Kiɗan dandamali daban, na situdiyo daban. A gidan rawa ƙara ake so, in mai ganga ya ɗan yi gaba ko ya ja baya, hayaniya ta rufe. A situdiyo makirfo ba ya rufa wa kowa asiri. Ranar 6 ga Yuni 1962 George Martin, mai ɗaukar sauti na Parlophone, wani reshe na kamfanin EMI da aka fi sani da fayafayan barkwanci, ya saurare su, ya gaya wa Epstein cewa ranar ɗauka zai kawo mai gangar haya. Bai ce a kori Pete ba, kawo ɗan haya abu ne da aka saba a lokacin. Shaida ita ce Ringo Starr ma, wanda ya maye gurbin Pete, da ya zo, ranar 11 ga Satumba ya tarar an ajiye wani mai suna Andy White a kan ganguna, shi aka miƙa masa kacau-kacau. Su ukun ne suka riga suka ƙudurta. Sun san Ringo tun Kaiserkeller, ya taɓa riƙe musu ganga ranakun da Pete ba shi da lafiya, sun ji bambancin, kuma jininsu ya fi haɗuwa da shi. Maganar Martin dalili kawai ta ba su.

Sannan in ƙara wa Jitar_Kabala hujja. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 suka ɗauki waƙa goma na kundinsu na farko a yini ɗaya, a na'ura mai layi biyu, John yana fama da mura. Yau yaro yakan yi mini kwana uku a kan waƙa ɗaya, ina yanka ina liƙawa a kwamfuta. Waƙa goma a yini sai wanda ya kaɗa su ɗaruruwan lokuta a gaban mutane. Kundin ya yi mako 30 a lamba ɗaya, kuma kundinsu na biyu ne ya sauke shi.

Basakkwace77:
Malam Injiniya, ban ce Ringo bai fi shi ba. Cewa na yi abokin cin mushe ba a ɓoye mai wuƙa. In sun ji ba ya riƙe bugu, mi ya hana su faɗa mai tun 1961 ya gyara?

UmmanKhalifa:
Ni uwa ce, ta nan zan duba. Ɗana na fari shekararsa 16, ya dame ni in saya masa jita, shi ya sa nake bin wannan zance a hankali. Kuna ta yabon Hamburg, amma ba ku faɗi wace unguwa ba ce. St. Pauli unguwar mashaya ce da karuwai da 'yan daba. Yaro ɗan 17 aka kai can, sai da hukuma ta gano ƙarancin shekarunsa ta tasa ƙeyarsa gida a watan Nuwamba 1960. Kuma awannin nan da kuke lissafawa ba da ƙarfin tuwo kaɗai aka yi su ba, ƙwayar rage ƙiba mai kore barci suke haɗiya. Mu da muke ganin abin da ƙwaya ke yi wa samari a unguwanninmu ba za mu ji wannan mu wuce ba.

Na biyar ɗinsu, Stuart Sutcliffe, mai zane ne, John ya lallashe shi ya sayi babbar jita da kuɗin zanen da ya sayar. Ya bar ƙungiyar ya zauna a Hamburg yana karatun zane, a watan Afrilu 1962 jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa ya rasu yana 21. Ban ce kiɗa ya kashe shi ba. Ina dai tuna uwarsa ne.

Abin da ya fi sosa mini rai, Paul ya rasa mahaifiyarsa a 1956 yana 14, John mota ta kaɗe tasa a 1958 yana 17. Marayu biyu ne suka haɗa kai suna rubuta waƙa a falon gidan su Paul in baba ya tafi aiki. Wannan ba ya cikin lissafin awanni.

BabaNaTudunWada:
Hajiya, kin faɗi gaskiya. Ki kuma duba bambancin gidajen. Baban Paul ya taɓa riƙe ƙungiyar kiɗa a ƙuruciyarsa, akwai fiyano a gidan, ya bar su suna gwaji a gabansa. Goggon John da ta riƙe shi ba ta son abin ko kaɗan. Uwar George kuwa ƙarfafa masa gwiwa take yi har yatsunsa su yi jini. Shawarata, in za ki saya masa, ki sa ya riƙa kaɗawa a tsakar gidanki inda kike ganin abokansa.

Akwai wani abu da nake so ƙwarai a labarinsu. A 1958 suka haɗa sule 17 da sisi suka je gidan wani mutum mai na'urar yanka faifai, aka yi musu faifai ƙwaya ɗaya tak. Suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya riƙe mako guda. Mu da muka kashe sule da sisi mun san nauyin wannan kuɗi a aljihun ɗan makaranta.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ana ta zancen turmi, ba a tambayi inda hatsin ya fito ba. Kiɗan da yaran nan suka tashi da shi na baƙaƙen Amurka ne, su Little Richard da Chuck Berry da ƙungiyoyin mata na Detroit da New York. Su kansu ba su taɓa ɓoyewa ba. A 1962 sun yi wasa dandamali ɗaya da Little Richard, a kusa da Liverpool da kuma Star-Club a Hamburg. Liverpool tashar jirgin ruwa ce da ta yi arziki da cinikin bayi, tana da tsohuwar al'ummar baƙaƙe. A motar da ta kai su Jamus akwai Lord Woodbine, mawaƙin kalifso ɗan Trinidad, abokin harkar Allan Williams wanda ya samo musu aikin. Sau da yawa ana ba da labarin a tsallake shi.

Abin da na yaba musu, a 1964 a Jacksonville ta jihar Florida sun ce ba za su hau dandamali ba in an raba farare da baƙaƙe a wurin zama, kuma ba a raba ba.

Dan_Anfield:
Paul ma ya zo Legas a 1973 ya ɗauki kundi a situdiyon EMI na Apapa, bayan Beatles sun rabu. Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da suke ɗauka. A wannan zamanin ne kuma 'yan makarantar St. Gregory's a Legas suka kafa Ofege, yaran sakandare suna rok, EMI ta fitar musu da faifai.

LauyanGobe:
Malam Sani ya yabi manaja, bari in kawo ɗaya gefen. Kason Epstein yana kaiwa kashi 25 cikin 100. Yarjejeniyar farko da EMI kwabo ɗaya ce a kan kowane faifai da aka sayar, su raba su duka. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe haƙƙin waƙoƙin John da Paul, kuma ba su ne masu rinjaye a ciki ba. A 1969 kamfanin ya suɓuce musu zuwa hannun kamfanin ATV, a 1985 Michael Jackson ya sayi sashen waƙoƙin ATV ɗin a kan dala miliyan 47.5. Mutum ya rubuta waƙa a falon babansa, ya wayi gari ba shi ne mai ita ba. Epstein ya so su da zuciya ɗaya, amma shi ma sabon shiga ne a harkar. Duk wanda ke da ƙungiya a zauren nan, kada ya sa hannu a takarda ranar da aka miƙa masa ita.

Jitar_Kabala:
To, tunda Basakkwace ya taɓo wurin, bari in faɗi abin da ya sa na kawo zancen. Mu huɗu ne a Kaduna, shekara uku muna tare, jita biyu, babbar jita da ganga. A garejin gidan su mai gangarmu muke gwaji, mahaifiyarsa ce ke aiko mana da abinci, tare muka yi firamare da shi. Watan jiya muka je ɗaukar waƙa biyu, mai situdiyon ya ja ni gefe ya ce abokinka yana gudu, duk inda amshi ya zo sai ya ƙara sauri, in muna son aiki mai kyau mu kawo wani ko a sa gangar kwamfuta. Sauran biyun sun ce in yi masa magana tunda ni na fi kusa da shi. Ban iya ba. Shi ya sa na riƙe zancen Hamburg da hannu biyu. Ina so ya zama gaskiya ne cewa wahala tana gyara kowa, don in ta gyara su, za ta gyara shi.

Basakkwace77:
Allah sarki. To ƙanena, ka ga dai abin da anka yi ma Pete. Kada ka aiki kowa, kada ka rubuta a waya. Ka tai da ƙafarka.

Injiniyan_Sauti:
Gudu wajen amshi ciwo ne da kusan kowane sabon mai ganga ke da shi, zumuɗi ne ke jan hannu. Yana warkewa. Akwai manhajar ƙidayar bugu kyauta a waya, ya sa abin ji a kunne, ya fara a hankali, minti ashirin kullum shi kaɗai, sannan ku yi gwaji da ita ku duka. Ku riƙa ɗaukar gwajinku ko da waya ce, ku zauna ku saurara tare, zai ji da kunnensa ba sai an faɗa masa ba. Wataƙila ma ku ji mai babbar jita ne ke tura shi, na sha ganin haka. Ku ba shi wata uku. Na ga waɗanda suka gyaru a wata ɗaya, na kuma ga wanda ya shekara bai motsa ba, ba zan ɓoye maka ba.

Bazazzagiya:
Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma ba zan janye maganata ta farko don in faranta maka ba. Pete Best ya yi darare sama da 200 a Hamburg tare da su, awannin da suka yi shi ma ya yi. Wahala ɗaya ta mai da uku abin da suka zama, ta bar ɗaya inda kunnen abokansa bai gamsu ba. Kuma abin da ya raba su da sauran 'yan Liverpool a ƙarshe ba ƙarfin hannu ba ne, rubuta waƙar kansu ne. Da Martin ya ba su waƙar wani marubuci ya ce ita za ta yi kasuwa, sun ɗauka ba da son rai ba, suka nace a fitar da tasu. Tasu ta tsaya a lamba 17 a ƙarshen 1962. Wadda suka ƙi aka ba su Gerry, ta hau lamba ɗaya. Duk da haka ba su juya ba, kuma a Fabrairu 1964 mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka suna rera abin da suka rubuta da hannunsu. Wannan taurin kai ba a Indra aka koya musu ba.

Dan_Agadas:
Anti, amma da ba su haddace ɗaruruwan waƙoƙin mutane don cike awa shida ba, da ina za su san yadda ake gina waƙa? Mai ginin da bai taɓa ɗaukar tubalin wani ba ban gan shi ba. Jitar_Kabala, a shekara ukun nan sau nawa kuka yi kiɗa gaban mutanen da ba abokanku ba?

Jitar_Kabala:
Sau tara, in na haɗa da bikin yaye ɗalibai biyu.

Dan_Agadas:
To ai ba ku shiga turmin ba tukuna, kai da shi duka. Beatles a Cavern kaɗai sun yi kusan sau 300. Ku nemi duk inda za a bar ku ku kaɗa, ko ba kuɗi.

Mai_Kalangu:
Ni tambaya ɗaya gare ni, don ita ce ke tashi in an zo rabuwa. An ce abin da ya sa aka ɗauki Pete kwana kaɗan kafin tafiya Jamus har da cewa yana da gangunan kansa sababbi. Naku gangunan, na wane ne?

Jitar_Kabala:
Nasa ne, Malam. Babansa ya saya masa shekarar da ya rasu. Lasifikar ma tasu ce. Gobe bayan la'asar zan je gidan, zan tafi da abin da muka ɗauka a situdiyon mu saurara mu biyu.